Yadda ake haɗa bayas mai bin zafi a amfilifayar rediyo don tiransisto ya daina ƙonewa da rana tsaka

Salamu alaikum 'yan'uwa masu gyara. Na daɗe ina son yin rubutun nan, abinda ya tunzura ni wata oba-oba ce ta mota, irin mai dogon zango mai wat 100, da aka kawo mani shago nan Katsina cikin watan Afrilu. Sau biyu ana canza mata tiransistocin fita a wani wuri, sau biyu suna ƙonewa, kuma da na matsa ma mai ita da tambaya sai yace ai kullum da rana take mutuwa, bata taɓa mutuwa da asuba ba. Shi a tunaninshi jabu ake saka mashi. Ina buɗewa na iske ɗan dayod ɗin da ya kamata ace yana kwance jikin tiransisto yana reto a iska, wanda yayi gyaran ya ɗaga shi don ya samu hanyar kwance noti, da ya ida aiki kuma bai maida shi ba. Dayod ɗin da bai kai kuɗin shayi ba ya cinye tiransisto huɗu.

Tau bari mu fara da dalili, don in baka gane dalilin ba ko na zana maka komi sai ka maimaita kuskuren.

Amfilifayar da ke ɗaukar murya ta SSB ko AM, wato hanyoyin ɗora murya kan siginar rediyo, dole ta tsaya a kilas AB, ma'ana ko babu sigina akwai ɗan karant da ke bi ta kolekta (ƙafafun tiransisto ukku ne: kolekta, bes da emita), tiransiston na farke yana jira. Shi muke ce ma karant ɗin zaman banza, kamar mota tana silo. Abinda ke buɗe shi kau ɗan boltejin da ake ba bes ne, wajen bolt 0.6 zuwa 0.7, shine bayas. Matsalar ita ce tiransiston silikon duk digiri ɗaya da ya ƙara zafi, boltejin da yake buƙata tsakanin bes da emita yana raguwa da kusan milibolt 2. Kai kuma in bayas ɗinka a kafe yake baya motsi, kamar kana ƙara mashi milibolt 2 ne duk digiri. Kaɗan ne ko? To ka riƙe wannan: ƙarin milibolt 18 yana ninka karant sau biyu, milibolt 60 yana ninka shi sau goma. Digiri 30 kenan kawai. Karant ɗin da ka saita mili'am 100 a lissafin takarda ya koma am ɗaya, zafin da yake zubarwa a bolt 13.8 ya tashi daga wat 1.4 zuwa kusan wat 14, wannan zafin ya sake ƙara karant, karant ya sake ƙara zafi, haka zasu yi ta tura juna har hayaƙi ya tashi. Gaskiya ne manyan tiransistocin rediyo akwai 'yan ƙananan rezisto a cikin emitansu da ke ɗan taka birki, amma basu isa su hana ba.

Yanzu ka auna da garinmu. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, da sassafe ƙarfe sai ka ji shi kamar ƙanƙara, Afrilu da Mayu kuma iskar waje kanta tana haura digiri 40, balle cikin kwantena mai rufin kwano, balle cikin mota da aka aje a rana gilasai a rufe, ga ƙura ta toshe haƙoran hitsink, ƙarfen da ke kwashe zafin tiransisto, fanka na ta juyawa a banza. Tazarar digiri 30 ɗin nan mu kafin a kunna na'ura ma mun cinye ta. Kuma abin gaba da baya ne, in ka saita da tsakar rana ba tare da mai bin zafi ba, da sanyin safiya bayas zai yi ƙasa, murya ta riƙa fita a shaƙe tana kakkaryewa, sigina na fantsama cikin tashoshin maƙwabta.

Maganin ɗaya ne: ka samo wani silikon ɗin, dayod ko ƙaramin tiransisto, ka manna shi inda zai ji zafin da babban ke ji, ka bar shi shi ya riƙa yanke hukuncin boltejin bayas. Babba ya sauka da milibolt 2, ƙarami ma ya sauka da 2, karant ya tsaya inda yake.

Kafin ka taɓa komi, ka duba wace irin amfilifaya ce

In tsohuwar ta FM ce mai tiransiston bes da kolekta a kilas C, zaka ga bes ya tafi giraun, wato layin sifili na da'ira, kai tsaye ta cikin cok, ɗan naɗin waya, wannan bata da bayas kuma bata buƙata, kar ka ƙara mata. In kuma MOSFET ce ko LDMOS, tiransistocin da ke da get da diren maimakon bes da kolekta, irinsu IRF510, RD15HVF1, BLF278, MRF300, nata tsarin daban ne, yana can ƙasa. Abinda zan fara da shi shine mai tiransisto biyu masu tura-ja irin 2SC2879 na Toshiba ko MRF454, don su suka fi zuwa hannunmu. Takardar bayanan 2SC2879 ta nuna an gwada shi a bolt 12.5, megahaz 28, wat 100, da karant ɗin zaman banza mili'am 100. Saboda haka biyu mili'am 200 muke nema gaba ɗaya, sai dai in littafin na'urar ya faɗi wani abu daban, to shi zaka bi ba ni ba.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: farin tangaran ɗin jikin irin waɗannan tiransistocin da yawansu akwai sinadarin beriliyam, ƙurarshi guba ce ga huhu. Wanda ya ƙone kar ka fasa shi don ganin ciki, kar ka goga shi a dutse, kuma kar ka bar yaran shago suna wasa da shi. Sannan an daina ƙera 2SC2879 na asali, jabu sun cika kasuwa, ko daga Sabon Garin Kano aka aiko maka ko daga Alaba ka auna ƙarfin ninkawarsu da mita, biyun su zo kusa da juna, in ɗaya ya ninka ɗaya shi zai kwashe karant ɗin duka ya mutu shi kaɗai.

Kayan da zaka tara

Ƙaramin tiransisto BD139 guda ɗaya, shine mai jin zafi. Tiransisto TIP122 guda ɗaya, shine mai ɗaukar kaya. Regileta 7808, mai tsaida bolteji a bolt 8. Rezisto: om 1000, om 100, om 22, om 15 ƙarami, da wani om 15 babba mai wat 5. Firiset om 100 mai zagaye da yawa, shuɗin nan mai ɗan sukuru a ka, ba mai zagaye ɗaya ba don wancan kana numfashi ya goce. Kafasito 100n guda biyar da 470 maikiro guda ɗaya. Maika, ɗan siririn fallen da ke barin zafi ya wuce amma ya tare wuta, da farin man hitsink. Mita biyu in da hali, fiyus na am 2, lodin gwaji, rezistan da ke tsaya ma eriya, na om 50 da zai iya shanye wat 100, handiraya ko bulowar masu gyaran waya, da abin auna zafi, wayar auna zafin da ke zuwa da wasu mitoci ta wadatar.

Nasan wani zai ce duk wannan na miye, ba rezisto ɗaya da dayod ɗaya ake sawa ba? Ana sawa, kuma a ƙaramar amfilifaya mai wat 5 ko 6 irin ta 2SC1971 ni ma shi nake sawa. Amma a wat 100 kolekta na jan am 15 zuwa 20 in murya ta kai ƙololuwa, bes kuma na iya neman kusan rabin am, dayod ɗin dole ya riƙa cin fiye da haka tun yana zaune in ba haka ba bayas ya zube daidai lokacin da ake buƙatarshi. Kaga rezisto om 27 kenan yana ƙona sama da wat 6 a banza cikin akwatin da dama zafi ke damunshi, sannan batirin mota yana yawo tsakanin bolt 12 da 14.4, bayas na bin shi. Ni dai bana so.

Mataki na ɗaya, haɗa da'irar a gefe

Kar ka haɗa ta jikin amfilifaya tukuna, a ɗan allo daban zaka yi. Bolt 13.8 da ke zuwa lokacin da aka danna maɓallin magana ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya shiga 7808, da 100n a shigarshi da fitarshi. Ɗaya reshen ya bi ta babban om 15 mai wat 5 ya shiga kolektan TIP122, wannan reziston shine mai gadi, ko komi ya lalace ba zai bar karant ya wuce wajen am 0.8 ba.

Daga bolt 8 na regileta ka ɗauko om 1000 zuwa bes ɗin TIP122, kuma a wannan mahaɗar ka haɗa kolektan BD139. Emitan TIP122 shine fitar bayas ɗinka. Daga fitar ka sa om 22 zuwa giraun don ya riƙa jan ɗan karant kullum, wajen mili'am 30, ka sa 470 maikiro da 100n suma zuwa giraun. Daga fitar dai ka ɗauko om 100 zuwa bes ɗin BD139. Tsakanin kolekta da bes na BD139 ka sa 100n don kar da'irar ta kama kaɗawa da kanta. Emitan BD139 kuma ya sauka giraun ta cikin firiset, ƙafar tsakiya haɗe da ƙafa ɗaya ta gefe, sannan ƙaramin om 15 ɗin ka ɗora shi a kan firiset ɗin, ƙafa da ƙafa.

Wannan om 15 ɗin dalilinshi biyu. Na farko firiset mai om 10 wahalar samu gare shi, amma 100 da 15 in suka haɗu a jere gefe da gefe suna bada daga sifili zuwa kusan om 13, daidai abinda muke so. Na biyu kuma wanda ya fi, duk ranar da ƙura ta shiga firiset ya yanke, emitan BD139 ba zai rasa hanyar giraun ba. In ya rasa, BD139 ya daina aiki, TIP122 ya buɗe gaba ɗaya, sai dai ka ji wari.

Yadda take aiki a taƙaice: in fitar ta so hawa, BD139 ya ƙara ja, ya janye bes ɗin TIP122 ƙasa, fitar ta dawo. Saboda haka fitar kullum tana daidai da boltejin bes da emita na BD139 haɗe da ɗan abinda ya faɗi kan firiset. Karant ɗin BD139 wajen mili'am 6 ne, sau om 13 ya baka kusan milibolt 80 na wasa. In BD139 yayi zafi boltejinshi ya sauka, bayas ya bi shi. Shikenan sirrin.

Mataki na biyu, gwada ta ita kaɗai

Ka bata wuta, mita a fitar. Ka juya firiset ƙarshe zuwa ƙarshe, ya kamata ka ga tana yawo daga wajen 0.6 da 'yan kai zuwa wajen 0.7. Ka lura da wane gefe ne ke ragewa, ka yi alama da biro a allon, don wallahi zaka manta. Yanzu ka kama BD139 da yatsu biyu, ko ka kusanto da ayan ɗin liƙa dalma kusa da shi ba tare da ka taɓa ba, lambar ta fara sauka a hankali, ka saki ta dawo. In bata motsa ba akwai kuskure, galibi ƙafafun BD139 ne aka juya, in rubutun na kallonka ƙafafu ƙasa, daga hagu emita ne, kolekta, bes.

Sai gwajin kaya. Ka ɗora rezisto om 2.2 mai wat ɗaya daga fitar zuwa giraun na ɗan lokaci, zai ja wajen mili'am 300, kamar yadda bes zai ja in ana magana. Boltejin kar ya faɗi fiye da milibolt 10 zuwa 20. In ya zube sosai ka duba TIP122, jabunshi ma suna nan. Ka ida ka maida firiset can ƙasa.

Mataki na ukku, inda za'a manna mai jin zafi

Nan ne aikin yake gaba ɗaya, sauran duk yaro zai iya. BD139 yana da rami a tsaka shi yasa na zaɓe shi, ana ɗaure shi da noti. Wurinshi shine kan hitsink tsakanin manyan tiransistocin biyu, kusa iya kusa, in ka samu santimita ɗaya ko ƙasa da haka madalla. Ba gefen hitsink ba, ba kusa da fanka ba, ba jikin murfin akwati ba. Zafi yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa alminiyam, in ka aje shi nesa kafin labari ya iso mashi an riga an yi jana'iza.

Bayan BD139 akwai ƙarfe kuma kolekta ne, dole ka sa maika, man hitsink sama da ƙasa, siriri kamar ka shafa ma jariri mai, ba kamar ana shafe ɗaki ba. Ka ɗaure ka auna da mita tsakanin kolekta da hitsink ka tabbata babu haɗi. In babu wurin huda rami, ana iya kwantar da shi bisa farin kan babban tiransiston da ɗan mai a tsakani da ɗan ƙarfe mai danne shi, amma a hankali, ka tuna abinda nace kan tangaran ɗin. TIP122 shi kuma ka kai shi can wani lungu na hitsink ko jikin akwati, shima da maika da wosha ta roba don bayanshi kolekta ne, zafinshi bai shafi lissafi ba amma kar ya zauna kusa da BD139 yana ruɗa shi.

Wayoyi ukkun da zasu tafi ga BD139 su zama gajeru, ka murɗe su tare kamar igiya, ka sa 100n ɗin nan a ƙafafunshi kai tsaye ba can a allo ba, in kana da ɗan zoben ferayit ka zura. Dalili, yana zaune ne a wurin da sigina ta fi ƙarfi a duk akwatin, kuma mahaɗar silikon in ta sha sigina tana maida ta bolteji, sai ka ga bayas na rawa da muryar mai magana. Ka liƙa dalma da kyau ka ɗaure wayoyin, in ɗaya ta tsinke labarin firiset ne zai maimaita kanshi.

Mataki na huɗu, haɗawa da saitawa

Fitar bayas tana shiga ta tsakiyar naɗin taransifomar shiga, inda tsohon bayas ke shiga, ka cire tsohon gaba ɗaya. In akwai cok a hanyar ya zama mai kaurin waya, don om 0.1 kacal a mili'am 400 ya cinye milibolt 40, kuma ka riga ka san abinda milibolt 40 ke nufi. A bakin taransifomar ka ƙara 100n zuwa giraun.

Lodin gwaji a fita, ba eriya ba. Wannan ba don tiransisto kaɗai ba, watsa sigina sai da lasisi, in tashar watsa shirye-shirye ce hukumar NBC ke bada izini, kar gwaji ya jawo maka baƙi. Ka yanke wayar da ke kai wuta ga kolektocin fita su kaɗai, ka sa mitar karant da fiyus na am 2 a tsakani. In fawa saflai ɗinka na da iyakance karant ka sa shi am ɗaya, in babu, ƙwan fitilar mota a jere yana aiki, ya haska sosai ka san akwai matsala. Rediyo a SSB, ƙarfin makirfo a sifili, ka danna maɓalli ba tare da magana ba.

Da firiset a ƙasa ya kamata karant ya zama kaɗan ƙwarai. Ka riƙa juyawa sannu sannu, da farko kamar ba abinda ke faruwa, sai can ya fara hawa da sauri, nan zaka rage hannu. Ka tsaya a 200. In tun firiset na ƙasa ka iske ya haura 200, ka kashe, ka canza om 1000 zuwa 2200, zai sauke fitar da wajen milibolt 20 kuma saitin zai ƙara laushi. In kuma ka kai ƙarshe bai iso ba, ka maida om 15 ƙarami zuwa 22. Ka riƙe minti biyar kana kallo. Ɗan hawa kaɗan ya tsaya ba komi, hawan da baya tsayawa ka saki maɓalli.

Mataki na biyar, gwajin zafi, wanda kowa ke tsallakewa

Ka rubuta zafin hitsink da karant. Ka kashe fanka, ka hura handiraya ta bayan hitsink, wajen haƙoran, ba kan BD139 kai tsaye ba, in ka hura mashi shi kaɗai zai yi zafi ya rage bayas ka ɗauka komi lafiya alhali ƙarya ce. Ka kai digiri 60, ka jira minti ɗaya zafin ya bazu, ka danna maɓalli ka karanta. Ni in ya tsaya tsakanin 150 da 250 na gamsu, kuma na fi son ya ɗan sauka da ya ɗan hau. In bulowar waya zaka yi amfani da ita ka sauke zafinta ka ja baya, tana narkar da roba kafin ka ankara.

Sannan gwaji na gaske. Ka cire fiyus na am 2 da ƙwan fitila, ka maida mita ma'aunin am 20, wannan kar ka manta, na taɓa ƙona mita a nan ina kallo. Ka bada sigina rabin ƙarfi na daƙiƙa 30, sai ka yanke siginar amma maɓalli na danne. Zaka ga karant ya fi 200, dole ne, cikin tiransiston ya fi hitsink zafi nesa ba kusa ba. Abinda kake nema shine ya fara gangarowa nan take, cikin 'yan daƙiƙu ya kusanto inda ka saita. In ya tsaya sama yana tunani, ko ya ci gaba da hawa, mai jin zafin yayi nisa ko bai kwanta da kyau ba, ko kuma babban tiransiston ne bai zauna daram kan hitsink ba, ka duba ko fuskar ta lanƙwashe ko akwai tsohon mai da ya bushe. In kuma da zafi karant ya faɗi ƙasa da rabi, gyaran yayi yawa, ka ɗan ja BD139 baya kaɗan. Lokacin da sigina ke tafiya ka auna boltejin bayas da rezisto om 10,000 a bakin tsinken mita don kar sigina ta ruɗa mitar, kar ya kauce fiye da milibolt 20 zuwa 30.

In MOSFET ce ko LDMOS

Nan get baya cin karant, saboda haka ba ruwanka da TIP122, amma ciwon iri ɗaya ne: a ƙaramin karant irin na zaman banza, boltejin da get ke buƙata yana sauka in zafi ya hau. Nawa yake sauka ya danganta da iri, LDMOS galibi wajen milibolt 2 zuwa 3 duk digiri, irinsu IRF510 sun fi haka. Kar ka yi canke, ka auna. Da bayas na kafe ka saita karant da sanyi, ka rubuta boltejin get da zafi. Ka dumama hitsink da digiri 30, ka rage firiset har karant ya dawo inda yake, ka sake rubutawa. Bambancin ka raba da 30. In ka ga milibolt 120, kenan 4 duk digiri kake nema.

Haɗin: daga 7808 om 2200, sai firiset om 2000, sai dayod 1N4148 a jere zuwa giraun, manne a hitsink kusa da tiransiston. Ƙafar tsakiya ta tafi get ta cikin om 1000 zuwa 4700, da 100n zuwa giraun, da om 100,000 zuwa giraun don in ƙafar ta yanke get ya faɗi sifili. Abinda mutane basu lura da shi ba shine ba duk saukar dayod ke isa get ba, kaso ne. Misali get na bolt 3.6. Da dayod biyu ƙasan firiset na 1.2, kason shine 4.4 a raba da 6.8, wajen 0.65, sau milibolt 4 ya baka 2.6. Da dayod ukku ƙasan na 1.8, kason 4.4 a raba da 6.2, wajen 0.71, sau 6 ya baka 4.3. Kaga mai neman 4 ukku zai sa, mai neman 2 da rabi biyu. Wasu na sa tamista, rezistan da ke canzawa da zafi, mai om 10,000 maimakon dayod, yana aiki amma hannunshi da nauyi, daga digiri 25 zuwa 50 yana faɗowa wajen om 3,600 kuma ba a miƙe yake sauka ba, sai ka yi ta canza rezistan da ke tare da shi, ni dayod ya fi mani sauƙin lissafi.

In MOSFET biyu ne daban daban kowane da firiset ɗinshi, IRF510 takardarshi ta ce yana iya fara buɗewa ko'ina tsakanin bolt 2 da 4, biyu daga leda ɗaya ma basa zuwa daidai. Ka saita ɗaya ka rubuta, ka ɗaga na biyu har jimilla ta ninka. Get ɗin LDMOS kuma baya da haƙuri, MRF300 iyakarshi bolt 10 ta sama, ayan ɗinmu da yawa basu da at, wato wayar da ke zubar da wuta ƙasa, suna yoyon wuta, ka bari yayi zafi ka zare shi daga soket sannan ka taɓa get. Masu aiki da bolt 50 ka cire zobe da agogo. In kuma aka kawo maka mai tiransiston GaN, wanda ba na silikon ba, wannan get ɗinshi bolteji na ƙasa da sifili yake so kuma shi ake fara ba wuta kafin diren, duk abinda na faɗa a sama kar ka gwada mashi.

Na ƙarshe, ka bar na'urar ta huce sarai ka sake karanta karant, in da hali washegari da sassafe, sannan ka sake dubawa wajen ƙarfe biyu na rana murfi a rufe, don da murfi da babu murfi ba ɗaya bane. In duka biyun sun zauna cikin iyaka ka ɗiga jan farce kan sukurun firiset, ka busa ƙurar haƙoran hitsink, sannan ka ɗauki biron maka ka rubuta a cikin murfin: kwanan wata, karant ɗin da ka saita, boltejin bayas, da zafin hitsink lokacin da ka auna. Ita waccan oba-obar abinda na rubuta mata mili'am 200 ne a digiri 38, na ƙara da kibiya mai nuna BD139 da manyan baƙaƙe, KAR A ƊAGA.